Kukan Boris Jawabi Ne

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin titin Gagarawa da sanyin safiyar Alhamis ya san irin motocin da ke wucewa, su ratsa Gumel su nufi kasuwar Maigatari da ke kan iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar. Galibinsu tsofaffi ne. Akwai Golf da Sharan waɗanda suka ci ƙuruciyarsu a titunan Turai kafin a sauke su a Kwatano, akwai J5, akwai kuma ragowar Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar Peugeot a can cikin 1975. Waɗannan motoci su ne ke kai gero da riɗi da zoɓo kasuwa, su ke kai mai naƙuda asibiti, su ne kuma ke mayar da ɗalibai makarantun kwana idan hutu ya ƙare.

A cikin irin waɗannan motoci ne fasinja mai lura kan ji wani gurnani yana tasowa daga wajen taya, kamar na jirgin sama da ke nesa. Idan mota ta ƙara gudu sai ya ƙaru, idan ta rage sai ya lafa. Direba ya san shi sarai, domin ya yi makonni yana jin sa. Da an isa gareji, maganar da aka saba ji ita ce, "Maigida, a ɗan lallaɓa mini shi, a ƙara giris a ɗaure noti, sai bayan kasuwa." Bakanike kuwa, da yake ba ya son ya rasa abokin ciniki, sai ya lallaɓa ɗin.

Abin da ke kukan shi ne boris. Wannan ɗabi'a ta lallaɓa shi kuwa kuskure ce wadda kimiyya ba ta bar mata mafaka ba, domin boris ɗin da ya fara kuka ya riga ya lalace, kuma babu giris ko ɗaurin da zai mayar da shi yadda yake.

Ƙaramin abu mai babban aiki

Taya tana juyawa, jikin mota kuwa ba ya juyawa. Dole ke nan a sami wurin da abu mai juyawa ya haɗu da abin da ke tsaye, kuma ta nan ne duk nauyin mota da na mutanen cikinta ke bi ya sauka ƙasa. Da a ce ƙarfe ne kawai ke gugar ƙarfe a wurin, da ba a yi nisa ba zai yi zafi ya kama. Dabarar boris ita ce a mayar da guga ta koma mirgine. Kowane yaro ya san jan buhu a ƙasa ya fi tura shi a baro wahala. Saboda haka sai aka yi zobba biyu na tataccen ƙarfe, ƙarami a cikin babba, aka jera 'ya'yan ƙarfe a tsakaninsu, ko dai masu siffar ƙwallo ko masu siffar ɗan turmi mai tsukewa a gefe guda, aka sa keji ya raba su don kada su gogi juna, aka cika da giris, sa'an nan aka toshe da roba don kada ƙura da ruwa su shiga.

Dabarar ta daɗe. Leonardo da Vinci ya zana irinta wajen shekara ta 1500. Wani maƙeri mai suna Philip Vaughan ya yi rajistar boris na keken doki a Birtaniya cikin 1794, Henry Timken ya yi rajistar mai 'ya'ya masu tsukewa a Amurka cikin 1898, sa'an nan a 1907 aka kafa kamfanin SKF a ƙasar Suwidin bisa ƙirƙirar Sven Wingquist.

Aikin da boris ke yi ba kaɗan ba ne. Kewayen tayar ƙaramar mota kimanin mita 2 ne, wato a kowace kilomita tana juyawa sau 500. A tafiyar kilomita 100 ta juya sau 50,000 ke nan, kuma idan ana gudun kilomita 100 a awa, tana juyawa kusan sau 14 a cikin daƙiƙa ɗaya. Wurin da ɗan boris ke taɓa zobe kuwa ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Masanin fiziks na Jamus Heinrich Hertz, wanda aka sa wa ma'aunin zangon rediyo sunansa, shi ne ya fitar da lissafin irin wannan matsi a 1882. Lissafin ya nuna cewa a wannan ɗan wuri matsin kan haura tan 10 a kan kowace santimita murabba'i. Shi ya sa ba a yin boris da kowane irin ƙarfe, sai wanda aka gauraya da kabon kimanin kashi 1 cikin 100 da kuromiyam kimanin kashi 1.5, aka gasa shi aka kashe shi har ya yi tauri matuƙa.

Ɗalibin kimiyyar halittu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin yana ɗauke da irin wannan tsari a gwiwarsa. Kan kowane ƙashi a gaɓa yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi, tsakaninsu akwai ruwa mai yauƙi da ke aikin giris, kuma akwai jakar da ta rufe gaɓar, wadda ke aikin robar toshiya. Santsin lafiyayyar gaɓa ya kai ko ya fi na ƙanƙara a kan ƙanƙara. Idan guringuntsi ya cinye, kamar yadda kan faru ga tsofaffi da masu daƙon kaya, sai gwiwa ta riƙa ƙara tana zafi. To amma akwai bambanci guda da ya kamata direba ya riƙe. Gaɓa rayayya ce, tana sabunta ruwanta kullum, kuma hutu yana yi mata amfani. Boris kuwa ko an ajiye mota shekara guda, ramin da ke jikin zobensa yana nan yana jira.

Abin da ke kashe shi a ƙasar Gumel

Boris ɗin da aka kula da shi yana iya wuce tafiyar kilomita 100,000. Abin da ke hana shi kaiwa haka a Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari, na farko shi ne yashi. Ƙasar yankin rairayi ce, kuma yawancin ƙwayoyin rairayi ma'adinin kwats ne, wanda ya fi ƙarfen boris tauri duk da gashin da aka yi masa. Shimfiɗar man da ke raba ɗan boris da zobe kuwa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, wato ta fi silin gashin mutum siranta sau da dama. Ƙwayar ƙurar hunturu da ido ba ya gani ma ta fi ta kauri. Da zarar robar toshiya ta bushe ta tsage, sai ƙura ta shiga ta gauraya da giris, abin da aka sa don ya hana ci ya koma dutsen washi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da damina kuma ga kududdufai. Boris mai zafi da aka tsoma cikin ruwa yakan huce nan take, iskar cikinsa ta tsuke, ya zuƙo ruwan ta bakin robar, tsatsa ta biyo baya.

Amma babban mai laifi shi ne lodi, kuma a nan ne lissafi ke da abin faɗa wanda ido ba zai gano ba. A 1947 wasu masana biyu na Suwidin, Gustaf Lundberg da Arvid Palmgren, sun fitar da ƙa'idar da masu ƙera boris ke aiki da ita wajen ƙiyasta tsawon ransa. Ƙa'idar ta ce raguwar ran boris ba ta tafiya daidai da ƙaruwar nauyi, tana tafiya ne da nauyin da aka ninka da kansa sau uku. Idan aka ninka nauyi biyu, ran boris mai ƙwallaye ba rabi yake komawa ba, yana komawa kashi ɗaya cikin takwas ne, wato 2 × 2 × 2. Na mai 'ya'ya masu siffar turmi kuwa yana komawa kusan ɗaya cikin goma.

Alal misali, a ɗauki motar da nauyinta ba kaya kilo 1,100 ne, wadda da mutum biyar da jakunkunansu za ta kai kilo 1,500. Ranar kasuwa aka cusa mata mutum goma masu kilo 60 kowannensu, aka ɗora buhun gero biyar masu kilo 100. Nauyinta ya zama kilo 2,200, wato ya ƙaru da ƙasa da rabi. Amma idan aka ninka 1.47 da kansa sau uku za a sami fiye da 3. Boris ɗin da ya kamata ya yi shekara uku a irin wannan aiki sai ya ƙare a shekara ɗaya. Na baya kuma sun fi shan wuya, tunda a kansu buhunan suke. Wannan lissafi bai ma haɗa da ramukan hanya ba, inda kowace faɗawa ke zama kamar dukan guduma.

Wani abin sha'awa game da ƙa'idar shi ne ba ta yi wa boris guda alkawari. Abin da take faɗa shi ne tsawon aikin da 90 cikin 100 za su kai ba su lalace ba, daidai da yadda masanan halittu ke ƙiyasta yawan 'yan tsakin da za su rayu daga ƙyanƙyasa ɗaya ba tare da sun iya nuna wanda zai mutu ba. Saboda haka direban da ke cewa motar wane ta shekara tana kuka ba abin da ya same ta, labarin masu sa'a yake bayarwa.

Yadda ake gano shi

Ƙwararren bakanike, ko da bai taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, hanyar masu kimiyya yake bi: ya yi zato, ya gwada, ya kawar da abin da gwaji ya ƙaryata. Gurnani a mota yana iya fitowa daga inji, ko giya, ko taya, ko boris. Sai ya hau motar, idan ta ɗauki gudu a hanya marar cunkoso ya taka kuloci ya ɗaga ƙafa daga totur. Ƙarar inji za ta sauka. Idan gurnanin yana nan yana bin gudun mota, an wanke inji ke nan. Saura taya da boris. Ƙarar taya tana canzawa idan an sauka daga kwalta mai kaushi zuwa mai santsi, kuma idan aka musanya tayoyin gaba da na baya takan bi tayar. Ta boris ba ta damu da irin hanya ba.

Daga nan sai neman ɓangaren. Idan aka karkata sitiyari hagu a hankali, nauyin mota yana komawa dama, kamar yadda fasinja ke jin an tura shi. Idan kukan ya ƙaru a lokacin, galibi boris ɗin dama ne, idan kuwa ya ƙaru ana karkatawa dama, na hagu ne. An ce galibi ne domin wannan gwaji yakan yaudari mutum, kuma bakaniken da ya dogara da shi kaɗai yana iya kwance lafiyayyen ɓangare. Ƙas-ƙas ɗin da Golf ke yi idan an sha kwana mai tsanani kuwa ba na boris ba ne, na gaɓar shaf ne.

Tabbaci sai an ɗaga mota. A nan akwai wani ganganci da ya zama ruwan dare, wato kafa jak a kan rairayi a shiga ƙarƙashi. Ya wajaba a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak, a tokare sauran tayoyin, a kuma sa wani abu mai ƙarfi ya tallafi motar, domin jak na ɗagawa ne kawai. Idan taya ta bar ƙasa, sai a kama ta da hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa a girgiza. Idan ta yi lakaf-lakaf, sai a sa yaro ya taka birki a sake girgizawa. Birki yana manne taya da sandarta, don haka idan wasan ya ɓace, a boris yake, idan kuwa bai ɓace ba, a nemi gaɓar da ke riƙe ƙafar motar. Wasan da ake ji sai an kama taya ta hagu da dama kawai, yawanci na sandar sitiyari ne. Bayan haka a juya tayar da hannu, a dafa sifirin da ɗaya hannun. Lafiyayyen boris ba ya aiko da komai, lalatacce kuwa ana jin gurzarsa a tafin hannu kamar ana niƙa tsakuwa. Wasu makanikan kan kafa bakin dogon sukundireba a jikin ƙarfen su sa kunne a ƙotarsa. Ita ce dai dabarar da likitan Faransa René Laennec ya fito da ita a 1816, lokacin da ya naɗe takarda ya saurari ƙirjin marar lafiya, domin sauti ya fi tafiya sosai a cikin abu mai tauri.

Zafi ma alama ce. Bayan doguwar tafiya, idan tsakiyar taya ɗaya ta fi sauran zafi ƙwarai, akwai matsala, ko da yake birkin da ya kama shi ma yana kawo haka.

Inda gyara ke zama ɓarna

Abin takaici shi ne sau da yawa sabon boris a hannun mai sa shi yake mutuwa. Ana kwance shi daga takardarsa a ajiye a kan rairayi. Ana ɗebo giris daga gwangwanin da ya wuni a buɗe cikin iskar hunturu. Ana kuma buga shi da guduma kai tsaye, ƙarfin dukan ya bi ta cikin 'ya'yan ya lotsa zoben, ya bar ƙananan ramuka a jere. Irin wannan boris cikin 'yan makonni yake fara kuka, sai a ɗora wa ɗan kasuwa laifi.

Boris ɗin taya iri biyu ne a tsofaffin motoci. Akwai wanda ake kwancewa a daidaita, kamar na tayoyin bayan tsohuwar Golf. Shi wannan biyu ne a kowace taya, na ciki da na waje, kuma kowanne da zobensa. Dole a canza zoben tare da 'ya'yan, domin sababbin 'ya'ya a kan tsohon zobe mai ramuka asarar kuɗi ce kawai. A wanke mazaunin da kananzir, a bar shi ya bushe, a cusa giris da tafin hannu har ya fito ta ɗaya gefen kejin, amma kada a cika ramin maƙil, domin giris mai yawa shi ma zafi yake kawowa. Kada a haɗa giris iri biyu, wasu idan sun haɗu tsinkewa suke yi su zube. Robar toshiya sabuwa za a sa. Wajen ɗauri kuwa, ana ɗaure noti ana juya taya don komai ya zauna, sa'an nan a sassauta, a sake matse shi kaɗan yadda wasan da ya rage bai wuce kaurin takarda ba. Ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi, kuma wannan ɗan sarari shi ne wurin buɗewarsa. Wanda ya ɗaure noti tamau don ya kashe wasan tsohon boris ya ƙara masa nauyi ne a kan wanda yake ɗauke da shi, ƙa'idar 1947 kuwa ta riga ta faɗi sakamakon. A ƙarshe a kulle notin da sabon fil mai baki biyu. Ƙusar kafinta da ake lanƙwasawa a madadinsa ba a yi ta don wannan aiki ba.

Iri na biyu rufaffe ne, da giris ɗinsa yake zuwa daga masana'anta, kamar na tayoyin gaban Golf. Ba a buɗe shi, ba a ƙara masa giris, ba a daidaita shi. Da injin matsi ake fitar da shi a shigar da sabo, kuma a zoben da ake shigarwa kaɗai ake matsawa. Bakaniken da ba shi da injin gara ya kwance ƙafar ya kai inda ake da shi. Gasa boris da wutar mai walda don ya shige cikin sauƙi yana kashe taurin ƙarfen, shi ya sa masu ƙera shi ke hana a ɗumama shi fiye da digiri 120 a ma'aunin Salshiyas.

Uzurin direba

Ba adalci ba ne a yi kamar direbobi ba su da hujja. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin kayan gyara ya yi tashin gwauron zabi, fasinja kuwa ba ya iya biyan abin da zai rufe giɓin. Yawancin direbobi ba su ne masu motocin ba, kuma kowace yamma akwai kuɗin da mai mota ke jira. Wanda ya je kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano zai tarar da boris hawa-hawa, daga na ainihi zuwa na gwanjo da aka kwanto daga motocin Turai, kuma jabu yana yawo a kasuwannin duniya cikin kwalin da ya yi kama da na gaske. Mutumin da ya taɓa sayen sabo ya mutu cikin wata guda yana da dalilin cewa gara ya ci gaba da tsohonsa.

Duk da haka lissafin bai goyi bayansa ba, ko da ta fuskar kuɗin ce. Boris yana daga cikin mafi arahar abin da ke ƙafar mota. Idan aka bar shi, ɓarɓashin ƙarfen da ke fita daga ramin farko yana haƙa wasu ramukan, zafi ya ƙaru, giris ya ƙone, keji ya karye, 'ya'yan su cure wuri ɗaya. Daga nan sai zoben ciki ya narke ya manne da sandar, a wayi gari abin da za a saya ya haɗa da sandar da mazaunin taya da kayan birki. Wannan idan an yi sa'a ke nan. Idan ba a yi ba, tayar takan kama ko ta fice ana cikin gudu, da mutum goma a ciki. Tun kafin a kai nan ma, tayar da ke lilo tana tura takalman birki baya, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse. Na gwanjo kuwa caca ne, domin gajiyar ƙarfe daga ƙarƙashin fatarsa take farawa, inda ido ba ya gani.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana iya tsayar da mota mai lodi fiye da ƙima, amma jami'in da ke tsaye a gefen titi ba zai ji kukan boris ba. Waɗanda ke jin sa su ne direba da fasinja da shugabannin tasha. Girgiza taya huɗu ba ya cin minti goma, kuma babu abin da zai hana ƙungiyar direbobi a tashoshin Gumel da Gagarawa ta mayar da shi sharaɗin shiga layi sau ɗaya a wata. Fasinja ma yana da haƙƙin ya ce, "Malam direba, wannan ƙarar ta boris ce," kuma ɗalibin sakandaren da ya fahimci abin da ke sama yana iya zama wannan fasinjan.

Malaman kimiyya da ke kukan rashin kayan gwaji suna da su a jibge a bayan kowane gareji, kyauta. Mataccen boris guda, idan aka wanke shi da kananzir aka ware shi a kan farar takarda, ya ishi aji darasin guga da matsi da buɗewar ƙarfe, har da na gaɓoɓin jiki. Da gilashin ƙara girma ɗalibai za su iya karanta abin da ya kashe shi. Zoben da ya dushe ya yi zane-zane, yashi ne. Jan tabo a inda kowane ɗa ya kwanta, ruwa ne. Lotsawa a jere, tazararsu daidai da tazarar 'ya'yan, guduma ce. Ɓamɓarewar fatar ƙarfe kamar busasshen tabki, gajiya ce da lodi. Wanda ya koma shuɗi kuwa zafi ne, ko dai giris ya ƙare ko an ɗaure noti fiye da ƙima.